Bishiyar da Ke Cinye Guguwa a Loma Pelada

Alfadara uku Ulpiano Kindelán ya tsufar a hanyar hawa tudun Loma Pelada, kuma a shekara talatin da ɗayan da ya yi yana wannan hawa da sauka, ba a taɓa ganin ya cire hula a gaban cocin Boca Chiva ba. Ba wai rashin kunya ba ne, don mutum ne mai gaisuwa, har karnuka yake yi wa sannu. Shi dai ya ce mutumin kimiyya ne: abin da bai fito a fuskar na'ura ba, to babu shi. In matarsa Onelia ta kunna wa waliyyanta kyandir a kusurwar ɗaki, sai ya tsaya a kanta, hannu a baya kamar sufeton makaranta.

"Tsohuwa, tambaye su mana, ƙarfe nawa za a yi ruwa gobe?"

"Tsoho, wuce ka ci abincinka."

Abin da dalili. Yana ɗan shekara tara guguwa ta ɗauke musu rufin ɗaki da awaki biyu, alhali da safiyar ranar gwiwar kakarsa, wadda ita ce ofishin duba yanayi na gidan, ta tabbatar musu ba abin da zai faru. Tun daga ranar ya raba gari da gwiwoyi da mafarkai da kukan tsuntsaye. Da ya girma aka zo neman samarin da za a koya wa aikin rada, wato na'urar hango ruwan sama daga nesa, shi ne na farko a layi, da rigar aro.

Na'urar tana can ƙololuwar tudun, cikin wani farin ƙoƙo da masunta ke hangowa daga teku. A cikin ƙoƙon akwai ƙaton kasko mai juyawa, yana aika saƙo cikin iska. Duk inda saƙon ya ci karo da ruwan sama sai ya dawo, ya fito kore shar a kan wani zagayayyen gilashi a ɗaki mai duhu. Aikin Ulpiano shi ne in guguwa ta shigo, ya shimfiɗa takarda shara-shara a kan gilashin ya bi ta da fensir: ga ido a tsakiya, ga katangar da ta kewaye idon, ga hannaye sun miƙe suna naɗewa. Daga zanen ake gane ƙarfinta. In idon ya yi faɗi, katangar ta yi yage-yage, to da sauƙi. In kuwa ya tsuke, katangar ta yi kauri ba tsaga, to sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Duk rabin awa yana faɗa wa lardi da babban birni abin da ya gani ta wayar oba-oba, takardun kuma a tara su a aika can babban birnin, Habana. Wayar garinmu a hannun Onelia take, ita ke ajiye ta a baranda, an haɗa mata lasifika don kowa ya ji.

Kirarin da yake yi wa kansa ɗaya ne: "Ni ban taɓa zana abin da ban gani ba." Kuma gaskiyarsa, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida.

To amma kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba.

An zaɓi Loma Pelada ne don ƙwalƙwal yake, ko ciyawar kirki babu, balle abin da zai tare wa na'ura gani. A shekararsa ta farko Ulpiano ya rasa inda zai ɗaure alfadararsa, sai ya saro wani ɗanyen itace a bakin hanya, ya kafa shi turke, taku saba'in daga gindin hasumiyar da ƙoƙon ke kai, ta kudu maso gabas. Da ruwa ya sauka turke ya yi toho. Ulpiano ya ji daɗi, ya ce ga inuwa ta samu, har ruwan wankin kofinsa yake zuba masa. Sai a shekara ta uku, ranar da Onelia ta hau kai masa shinkafa da baƙin wake, ta ga ƙayoyi sun fito a jikin itacen, ta dubi ganyen. Murfin tukunya ya suɓuce daga hannunta ya gangara, har yau ba a same shi ba.

"Ulpiano, ka san abin da ka shuka kuwa?"

"Turke na kafa."

"Rimi ne."

A ƙasarmu ba a sare rimi. Ba doka ba ce, babu inda aka rubuta, amma fadan coci ba ya sare shi, sakataren jam'iyya ba ya sare shi, masu yin titi ma in suka ci karo da shi sai titin ya yi masa kwana ya wuce. Kowa yana da labarin wani kawunsa da ya gwada. Ulpiano ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tatsuniyar tsofaffi ce, gobe-goben nan zai tumɓuke ta ya dasa mangwaro.

Gobe ta yi, addarsa ba kaifi. Shekara ta zagayo, bayansa na ciwo. Da bayan ya warke, sai ya ce ai alfadara ta saba da inuwar, zalunci ne a raba ta da ita. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, akwai wata rana da tsakar rana, ba kowa a tudun, da ya wasa adda ya je ya ɗaga hannu. Babu iska ko kaɗan, amma sai ganyen ya yi wata 'yar girgiza. Ulpiano ya ji bakinsa ya ce "gafara dai" ba da izininsa ba. Ya koma ɗakin na'ura ya kulle ƙofa, ya zauna har la'asar yana jin haushin kansa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan kuwa aka bar shi har mutum huɗu ba sa iya haɗa hannu a gindinsa.

A shekara ta goma sha shida kan bishiyar ya kai daidai bakin kaskon. Da farko wani siririn baƙin layi ne ya fito a gilashin, kamar gashi. Bayan shekara biyu ya kai faɗin yatsa. Kafin a ankara ya zama kamar yankan kankana, tsininsa a tudun, faɗinsa ya ratsa ta saman Boca Chiva ya nausa teku. Duk guguwar da ta shiga wannan yanki sai a ga an gatse ta, katanga ta ɓace, sai ta fita ɗaya gefen ta dawo cikakkiya.

Ulpiano ya ci gaba da zana abin da ya gani, da giɓin da komai, bai taɓa ƙara ko ɗigo ba. Sai dai a ƙasan kowace takarda akwai wani ɗan akwati da aka rubuta "Ƙarin bayani", kuma shekara goma sha biyar akwatin nan fayau yake. Ya san in ya rubuta "bishiya", amsar da za ta zo daga sama kalma biyu ce, a sare. Ya kuma san wanda za a miƙa wa gatarin, tunda shi ne ya cika gari da cewa ba ya tsoron komai. Abokan aikin da ake turo masa ba sa daɗewa, tudun ke korarsu. In wani ya tambayi baƙin yankin, sai ya ce na'urar ce ta tsufa, ai mu ma idonmu ba kamar da ba.

Ana nan, a watan Satumba na shekararsa ta talatin da ɗaya, wata motar jif ta tsaya a ƙofar gidansa. Wata mata ta fito, siririya mai tabarau, ta rungumo jaka kamar jariri. Ta ce sunanta Dokta Mireya Sotolongo, daga jami'a a Habana. Ta kama hannun Ulpiano da hannu biyu, idonta har ya kawo ruwa, ta kira shi da "Don", laƙabin girmamawa a ƙasarmu.

"Don Ulpiano, shekara shida ina kwana ina tashi da zanenka. Ban taɓa ganin hannu mai gaskiya irin naka ba."

Ya gyara tsayuwa, ya saci kallon Onelia ko ta ji.

Aka zauna cin abinci, rogo da tafarnuwa da soyayyen kifi. Dokta ta ture kwanuka ta baje takardunsa a tebur, ta fara bayani. Ta ce ta gano abin da ba wanda ya taɓa ganowa: akwai wani wuri a tekun da ke gaban Boca Chiva, duk guguwar da ta taka shi sai katangarta ta rushe. Guda goma sha ɗaya ta ƙirga, babu wadda ta tsira. Tana zargin ruwan sanyi ne ke tasowa daga ƙarƙashin teku yana karya musu ƙarfi. Har ta raɗa wa wurin suna, don girmamawa: Gurbin Kindelán.

Lomar rogo ta tsaya wa Ulpiano a maƙogwaro. Onelia ta miƙo masa ruwa, fuskarta kamar ba ta san komai ba.

"Sha ruwa, tsoho. Ko gurbin ne ya biyo ka har ciki?"

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari, don a Boca Chiva magana ba ta kwana a gida ɗaya. Masunta suka ce ai su dama sun sani, guguwa in ta zo gabanmu durƙusawa take. Fada ya ce albarkar waliyyiyar garin ce. Masu aladu da masu firji, waɗanda duk shekara sai an yi dambe da su kafin su hau motar kwashe mutane, suka ce to alhamdu, wahala ta ƙare, tunda ga Dokta da takarda.

Kwana uku Dokta Mireya ta yi tana hawa tudun. Ulpiano ya ɗauka tana ɗaga kai asirinsa zai tonu, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ina! Mutumiyar takarda ce. A ƙarƙashin bishiyar take shimfiɗa tabarma da rana, ta jingina da gindinta, tana shan mangwaro tana lissafin sanyin ruwan teku. Har cewa ta yi, "Kai, wannan inuwa da daɗi take. Wa ya yi dabarar shuka ta?"

"Tsuntsaye," in ji Ulpiano.

A rana ta uku da yamma ya lallaɓa wurin Casimiro mai gawayi, abokin hamayyarsa a wasan domino, mutumin da ya kayar da itatuwa fiye da gashin kansa. Ya same shi yana wasa gatari.

"Aboki, ɗan aiki ne ƙarami. Reshe uku kawai, na can sama."

"Na wace bishiya?"

"Ta wurin aikina."

Casimiro ya ajiye dutsen washi, ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Wai rimin? Ni? Kawuna Fidencio reshe ɗaya ya sare, ɗaya tak, har ya mutu wuyansa a karkace yake, sai ya juya gaba ɗaya yake gaishe ka. Amma kai ai ba ruwanka da wannan, kai mutumin kimiyya ne." Ya miƙo masa gatarin ta ƙota. "Ungo, aro na ba ka. Ka faɗa mini ranar, in zo da kujera."

Ulpiano ya ce yana da nasa a gida, ya juya. Har ya sha kwana yana jin dariyar Casimiro.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka Ulpiano ya yi. Ranar Lahadi rediyo ta ce ga wata guguwa an sa mata suna Petrona tana tahowa daga kudu maso gabas. Talata da ƙarfe bakwai na safe ta leƙo bakin gilashin, Ulpiano da Dokta suna tsaye a kai. Sai dai wannan ba ta ratsa baƙin yankin ta wuce kamar 'yan'uwanta ba. Shiga ta yi cikinsa ta miƙe, kamar wadda aka share wa hanya. Hannayenta na fitowa dama da hagu, amma ido da katanga babu su babu dalilinsu.

Dokta ta yi tsalle. "Duba, Don Ulpiano! Ta narke gaba ɗaya! Wannan ita ce ta goma sha biyu!"

Ulpiano ya ƙura wa gilashin ido. Shi ya san ma'anar abin da ke bin baƙin yankin bai kauce ba: kai tsaye yake zuwa Boca Chiva. Ko mai sauƙi ce, ko mai cin gari ce, ko awa nawa ya rage, bai sani ba.

Ƙarfe takwas wayar ta yi ƙara, muryar Onelia ta fito.

"Tsoho, kana ji na? Motoci shida sun zo tun ɗazu, ba wanda ya hau sai tsohuwa Eulalia, ita ma don tana son zuwa ganin jikarta ne. Sun ce ai akwai gurbi. Ga su nan cike da ƙofar gida, sun ce abin da ka faɗa shi za su yi. Me ka gani?"

Mutum ɗari huɗu da 'yan kai ne a garin, ya san sunan kowa, ya san na karnukansu. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana ɗan shekara tara.

"Ban gani ba," in ji shi. "Ku ba ni awa biyu."

Ya kama hannun Dokta ya fito da ita waje, ya tsayar da ita a gindin hasumiya. Ya nuna mata ƙoƙon da kaskon ke ciki, ya ja yatsansa a hankali cikin iska har ya dire a kan bishiyar. Dokta ta dubi ƙoƙo, ta dubi bishiya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sake duba. Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Shekara shida," in ji ta.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Ni na kafa ta. Turke ne."

"Har da mangwaro na sha a ƙarƙashinta." Sai ta miƙe ta kaɗe siket, don yarinyar kirki ce, ta san yanzu ba lokacin kuka ba ne. "To me muke jira? Ina zarto?"

Ulpiano ya ji wani sanyi a ransa. Ya ruga ya ɗauko zarto ya miƙa mata. Ta kai hannu, sai ta sake ɗaga kai ta dubi ganyen da kyau, ta janye hannun ta ɓoye a baya.

"Tsaya. Wai rimi ne?"

"Shi ne."

"A'a, Don Ulpiano. Ni kakata ta hana ni. Ni dai zan kashe maka na'ura kada ta gasa ka a sama."

Haka ilimin Habana ya koma ɗaki ya bar na Boca Chiva da zarto a hannu.

Ulpiano ya soke wayar oba-oba a ɗamararsa, ya ɗauki tsani da igiya. Iska ta fara kaɗawa, sama ta yi launin toka. Da ya isa gindin bishiyar ya waiga, ba kowa sai alfadara. Ya san yadda ake yi, duk ɗan ƙasar nan ya sani ko da yana musu. Ya kewaye ta sau uku. Barasar rake ake zubawa, shi kuwa babu, sai ya zuba wadda ake goge gilashin na'ura da ita. Ya kunna guntun sigarinsa ya busa mata hayaƙi. Da ya sunkuya zai ajiye guntun tsakanin saiwoyi, sai ya ga wani lungu cike da guntayen kyandir, tsofaffi da sababbi, sun narke sun hau kan juna. Bai tsaya tunani a kai ba. Ya cire hula ya durƙusa.

To Ulpiano mutum ne mai tumbi, kuma durƙuson nan ya sa tumbin ya danne maɓallin wayar. Ita kuwa oba-oba, muddin maɓallin na danne, kowa na jin ka, kai ba ka jin kowa.

"Uwa, ranki ya daɗe," in ji lasifikar barandar Onelia.

Mutum ɗari huɗu suka yi tsit.

"Ni ne, Ulpiano, ma'aikacin nan na sama. Kin san ni, ni na kafa ki, ni na shayar da ke ruwan kofi. Ba sare ki na zo yi ba, wallahi, aski ne kawai. Reshe uku, na can sama, za su sake fitowa. Barasar ki yi haƙuri da ita, ta gwamnati ce, ita ke gare ni. Maganganun da na yi a kanki a wurin domino, duk cika baki ne, kin san halin maza. Shekara ashirin da takwas ina tsoronki, ko matata ban faɗa wa ba. Don Allah kada ki karkata mini wuya irin na Fidencio, ina da taro a lardi wata mai zuwa."

Wani ya fashe da dariya a ƙofar gidan, aka make shi ya yi shiru, don muryar ta canza.

"In kuma dole sai kin kama wani, to ni ki kama. Laifin nawa ne, ni na yi shiru. Mutanen ƙasan nan ba su san komai ba, maganata suka yarda da ita. Ki bar mini Onelia. Ita kam ba ta taɓa yi miki rashin kunya ba."

Daga nan sai nishi, da ƙarar tsani, da wata ashar da ba za a maimaita ba lokacin da ƙayar farko ta same shi.

An ji wannan a Boca Chiva. An ji a ofishin lardi. An ce har a Habana wani babba ya ajiye kofinsa ya tambaya wace tasha ce wannan. A ƙofar gidan Onelia kuwa ba wanda ya motsa, sai Casimiro mai gawayi ya miƙe ya gyara wandonsa.

"Jama'a, ni dai shekara talatin na san mutumin nan. In har Ulpiano ya durƙusa wa bishiya, to abin da ke tahowa ba na tsayawa kallo ba ne. Ku matsa mini in hau."

Abin da motoci shida da jami'an lardi suka kasa tun safe, ya faru cikin minti arba'in. Aka ɗora tsofaffi, aka ɗora yara, aka ɗora aladu da firji da keken ɗinki. Fada da kansa ya rungumo waliyyiyar garin ya zauna da ita a gaban mota.

Ulpiano bai san ana yi ba. Yana can sama ya ɗaure kansa da igiya, iska na lilo da shi, yana ja da zarto. Allah ya taimake shi itacen rimi taushi gare shi. Reshe na farko ya faɗi, ya taɓa wuyansa ya ji yana nan daidai. Na biyu ya faɗi. Na uku ya kusa tafiya da shi. Ya sauko wajen goma da rabi, riga a yage, tafin hannu duk jini, hula ta tafi Jamaika.

Dokta ta kunna na'ura. Kasko ya juya, haske ya zagaya gilashin, kuma a karo na farko cikin shekara goma sha biyar da'irar ta cika. Ga Petrona nan tsakiyar inda baƙin yankin yake. Ido ɗan mitsitsi kamar bakin kwalba, katanga mai kauri ba tsaga ko ɗaya. Bai taɓa zana irinta ba. Dokta ta yi lissafi da sauri ta ce awa huɗu.

Ya fizgo wayar daga ɗamara. "Onelia! Onelia! Kwashe kowa! Babu gurbi, ba a taɓa yin gurbi ba! Ki ce musu ni na ce!"

Muryarta ta zo tare da rurin injin mota da kukan alade. "Ai mun yi nisa, tsoho. Mun wuce gada."

"Kun wuce... Wa ya ce ku tafi?"

"Kai."

"Ni yaushe?"

Sai ga muryar Casimiro daga bayanta, da wasu wajen ashirin suna taya shi: "Uwa, ranki ya daɗe!"

Ulpiano ya dubi wayar, ya dubi tumbinsa. Ya ja kujera ya zauna, ya shimfiɗa sabuwar takarda a gilashi, ya zana Petrona cikakkiya, jini na ɗiga a gefe. Da ya zo kan ɗan akwatin nan na ƙasa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rubuta: "Bishiya ce. Tun tuni."

Teku ta shiga Boca Chiva har tagar coci, ta kwashe gidaje sittin da jiragen da ba a ja sama ba. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Rimin ko gezau. Dokta Mireya ta koma Habana ta rubuta 'yar takarda mai shafi biyu a maimakon littafin da ta yi niyya, kuma har yau duk Kirsimeti tana aiko masa da kati mai hoton itace. Ba a kore shi ba, an dai rubuto masa wasiƙa mai zafi, wadda a ƙarshenta aka umarce shi ya riƙa yi wa bishiyar aski duk watan Mayu, tunda an lura suna da fahimtar juna. Ya yi ritaya da daɗewa, amma har yanzu shi ake hawa da shi ya yi magana kafin a taɓa ta.

Amma abin da mutanen garin suka fi tunawa shi ne ranar da ya sauko, kwana biyu bayan guguwar, ya iso makarantar da aka sauke su. Ya shigo a kan alfadara, kai a sunkuye, ya shirya wa tsiya. Ya kuwa sha ta, har fada sai da ya tambaye shi lafiyar wuya. Onelia ce kaɗai ba ta taya su ba. Ta ja shi bayan aji, ta zaunar da shi a kan benci, ta ɗauko allura ta fara cire masa ƙayoyin da suka karye a tafin hannu.

Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Na ga kyandir a gindinta. Da yawa."

"Kowace guguwa ɗaya."

"Hawan tudun nan kike yi? Me kike roƙo?"

"Ta sauko mini da kai lafiya." Ta zare wata ƙaya ta yar. "Na ji abin da kai ma ka roƙa."

Ulpiano ya yi gyaran murya, ya dubi rufi, ya dubi alfadara ta taga. Idonsa ya cika, ya ce allurar ce.

"Gwada wayar nake yi," in ji shi.

"Na sani, tsoho," in ji Onelia. "Tana aiki. Kawo ɗaya hannun."